A Daina Rufa Wa Azzalumi Asiri A Jami'o'inmu

Jama'a, iyaye da malamai da ɗalibai, akwai ɓarnar da ke cin manyan makarantunmu, kowa ya san da ita amma ana ta kauda kai. Uba ya sayar da amfanin gonarsa, uwa ta karya adashinta, an tura yarinya jami'a neman ilimi. Sai wani lakcara ya riƙe mata maki, ko ya ƙi sa hannu a kundin kammala karatunta, ya ce sai ta same shi a otal. Wata kuma abokin karatunta ne zai kira ta ɗakinsa da sunan bitar darasi, ya zuba mata ƙwaya a lemo. Idan ta buɗe baki, abin da za ta fara ji shi ne: "Me ya kai ta?" Daga nan sai a ce a rufa asiri, kada ta rasa mijin aure. Asirin da ake rufawa kuwa na azzalumi ne, domin gobe zai koma kan 'yar wani.

Wannan magana ta wuce jita-jita. A 2018 an naɗi muryar Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife yana neman lalata da ɗalibarsa kafin ya ba ta maki. Jami'ar ta kore shi, hukumar ICPC ta gurfanar da shi, kotu ta ɗaure shi shekara biyu. A 2019 binciken ɓoye na BBC ya tona abin da wasu malamai ke yi a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. A shekarar ce kuma matan Arewa suka fito a kafafen sada zumunta da taken #ArewaMeToo suna bayyana abin da aka yi musu, don haka kada wani ya ce matsalar ta Kudu ce kaɗai. A 2023 ɗaliban shari'a na Jami'ar Kalaba suka ɗaga kwalaye a kan shugaban tsangayarsu, har aka dakatar da shi aka kai shi kotu. Duk inda aka samu hukunci, wata ce ta fara ƙin yin shiru.

Ya kamata kowane saurayi ya fahimci mene ne yarda. Addininmu da tarbiyyarmu sun hana kusantar juna ba tare da aure ba, to ina ga wanda ya haɗa da tilas? Idan mace ta ce a'a, magana ta ƙare. Shirun mai tsoro ba amincewa ba ne. Wadda aka bugar da ƙwaya ba ta cikin hayyacin da za ta yarda da komai. Kuɗin da ka kashe mata, da soyayyar da ke tsakaninku, da irin tufafin da ta sa, babu ko ɗaya da ya ba ka iko da jikinta. Malamin da ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗaliba kuwa, duk "to" ɗin da ya samu daga bakinta ta tsoron faɗuwa ce, kuma cin amana ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, jihohi da dama kuma sun karɓe ta. A 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, Jihar Kaduna kuma ta tsaurara hukuncinta har da dandaƙa. Amma doka ba ta aiki sai an kai ƙara, ƙara kuma ba ta zuwa sai mai ita ta tabbata ba za a mayar da laifin kanta ba.

Don haka, shugabannin jami'o'i da kwalejoji, ku buɗe ofishin ƙorafi wanda mata amintattu ke riƙe da shi, a sirranta sunan mai ƙara, a sauya mai duba takardarta da zarar ta kai kuka. Ku haskaka hanyoyin ɗakunan kwana da ɗakunan karatun dare. Wanda aka samu da laifi a miƙa shi ga hukuma, a daina barinsa ya ajiye aiki a asirce ya koma wata makaranta. Malamai na gari, ku ne mafi yawa, kada zumuncin aiki ya sa ku kare ɓata-gari. Limamai da masu wa'azi, ku kira wannan zalunci da sunansa a kan mumbari. Samari, idan kun ji abokinku yana alfahari da abin da ya yi wa wata, ko kun ga yana shirya tarko, ku tsawata masa tun kafin a yi ɓarna.

Iyaye, cire yarinya daga makaranta ba magani ba ne, hukunta wadda aka zalunta ne. Ku zama farkon waɗanda za ta gaya wa, ku tsaya mata har kotu.

Ke kuma 'yar'uwa da abin ya faru da ke, laifin ba naki ba ne. Ki je asibiti da gaggawa, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Akwai cibiyoyin da aka kafa don wannan, irin su Salama a Kaduna da Mirabel a Legas. Ki adana saƙonnin waya da duk wata shaida, ki nemi wanda kika amince da shi ya raka ki.

Mu tashi tsaye, jama'a. Kowa ya tambayi makarantar da 'yarsa ko ƙanwarsa take: ina ake kai ƙorafi, kuma wa aka taɓa hukuntawa? Allah Ya kare mana zuri'a, Ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya.