Ciwon Sukari: A Auna Jini Tun Kafin Ƙafa Ta Ruɓe

Wanda ya bar garin Lafiyar Barebari ya kama hanyar Shendam, ba zai yi nisa ba zai iso Adogi, garin manoman doya da shinkafa da riɗi. Kamar sauran garuruwan Jihar Nasarawa, Adogi tana da 'ya'ya a Kudu, wasu suna bin motar doya zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko, wasu suna dako ko gadi. Wannan magana ta shafe su, ta kuma shafi iyayen da suka baro a gida.

Abin da yakan faru shi ne, fartanya ta sari manomi a yatsa, ko ƙaya ta soke shi a ƙafa, raunin da a da cikin mako guda ya warke. Sai a ga wata biyu miki yana ruwa yana wari. Daga nan sai a ce sammu ne, ko kuwa ya taka wani abu da aka binne masa a gona. A sayar da buhun riɗi a kai wa mai magani, ɗan da ke Ikko ya aiko da kuɗi a ƙara. Sai ƙafa ta yi baƙi sannan a kwashe shi zuwa babban asibitin Lafiya, wanda jama'a suka fi sani da sunan Ɗalhatu Araf, a can a auna jini a tarar ciwon sukari ne ya daɗe yana cinsa. A lokacin nan kuwa sau da yawa ba abin da ya rage wa likita sai yanke ƙafar.

To, me ya haɗa sukari da miki? A cikin jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun da ke rugawa wurin rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta. In sukari ya yi yawa a jini sai waɗannan dakaru su yi sanyi, ba sa isa da wuri, in sun isa ma ba su da ƙarfin kisa. Bayan haka ƙananan hanyoyin jini sukan tsuke, jini ya kasa kai wa ƙafa abinci da magani. Na uku, jijiyoyin jin zafi sukan mutu, har mutum ya taka ƙusa ya wuni bai sani ba. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kowa ya san cutar ƙanjamau da karya garkuwar jiki, kowa yana tsoronta. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a Nijeriya, kuma tun 2006 ake ba da maganinta kyauta. Amma Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon sukari a ƙasar nan, ta kuma ce a Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba. Wato ga wani ciwo da shi ma yake raunana garkuwar jiki, ya fi wancan yawan mutane, ga shi kuma mai shi daga aljihunsa yake sayen magani.

'Yan ci-rani su ne ya fi kamata su lura, saboda tarin fuka. Mai ciwon sukari ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da shi ninki biyu zuwa uku. Wanda ya san yadda samari ke kwana su goma a ɗaki ɗaya ko a rumfar kasuwa a Agege, Idi-Araba ko Sabon Badun, ya san tarin mutum guda ya isa ya zagaya kowa. Duk tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibitin gwamnati. Gwajin tarin fuka da maganinsa na wata 6 kyauta ne, kuma wanda aka samu da shi ya nemi a auna masa sukari.

Jajayen ƙwayoyin jini ma ba su tsira ba. Ƙoda ce ke aika wa ɓargo sinadarin da ke sa shi ya haifi sabon jini. In sukari ya lalata ƙoda sai jini ya yi ƙaranci, mutum ya yi fari, ya riƙa haki. Abin takaici, a nan ne 'yan'uwa sukan sayo kwalbar malta da madarar gwangwani wai don ya ƙara jini, alhali sukarin da ke kashe shi ake ƙara masa.

Gano ciwon ba wuya. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, da safe kafin a karya kumallo. In awo ya kai 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, aka sake wata rana ya nuna haka, to ciwon ya tabbata. Akwai kuma wani gwajin da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin kusan wata 3, domin yana manne wa jajayen ƙwayoyi, su kuwa kwana 120 suke yi a jiki. Sai dai kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da gadon jinin sikila, wanda kan iya rikita wannan gwaji, saboda haka mai shi ya gaya wa likita. Yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare, rama babu dalili, maruru masu yawan dawowa, duk alamu ne da bai kamata a zauna da su ba.

Tun 1921 aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Abin kunya ne a ce bayan shekara ɗari har yanzu manomi yana rasa ƙafa don ba a auna jininsa ba. Ya kamata Gwamnatin Jihar Nasarawa ta tabbatar kowane ƙaramin asibiti, har na Adogi da ƙauyukan da ke kewaye, yana da na'urar awon sukari da kayan aikinta. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi, to babu inda ya fi cancanta da wannan kuɗi kamar wurin masu ciwon. Sarakunan Hausawa na Kudu kuma su gayyato ma'aikatan lafiya su auna jama'a bayan sallar Juma'a, ko da sau ɗaya ne a shekara, ranar 14 ga Nuwamba da duniya ta keɓe don wannan ciwo.

Shi kuma ɗan da ke aika kuɗi gida, ya ware na awon jinin mahaifi da mahaifiya, ya saya musu takalmin shiga gona, ya sa a riƙa duba ƙafafunsu kowane dare. Shi kansa ya rage cokulan sukari a teburin mai shayi. Wanda aka ɗora kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.