Kafin Ka Sayi Madabod, Duba Wutar Garinku

Tambayar wannan makon daga Maiurno ta zo, daga wani Alhaji mai sayen riɗi da dawa yana kaiwa Wad Madani. Ya ce kwamfutar ofishinsa ta daina tashi, kuma a cikinta yake rubuta sunayen manoman da ya ba bashi da buhunan da kowa ya kawo. Fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Mai gyara a Sinnar ya duba ya ce madabod ne ya mutu, wato babban falanki da duk kayan cikin kwamfuta ke maƙale a jikinsa. Ɗansa da ke Jidda ya ce zai aiko da sabo. "To Malam, wanne zan ce ya saya, mai ƙarko, wanda kuma ba zai taɓa mini uwar kuɗi ba?"

Alhaji, da farko kwantar da hankalinka. Lissafinka ba a madabod yake ba, yana cikin faifan ajiya. Kafin a taɓa komai, sa a cire faifan nan a jona shi a wata kwamfutar, a kwafe maka duk takardunka a filas biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Bod ana sayen wani. Amma idan sunayen masu bashi suka ɓace a tsakiyar kaka, da wa za ka yi shari'a?

Sannan kada ka yarda da mutuwar bod da baki kawai. Ka ce wa mai gyara ya zare ram ya goge haƙoranta ya mayar, ya canza ɗan batirin nan mai kama da sulalla, CR2032, ya kuma gwada da wani akwatin wuta, wato wanda ke raba wa kayan ciki lantarki. Sau da yawa laifin na ɗayansu ne, bod kuwa lafiyarsa lau.

Idan ta tabbata ya mutu, to ga inda mutane ke asarar kuɗi. Ba a sayen madabod shi kaɗai kamar buhun sukari. Aure ne tsakanin abu uku: bod, furosesa da ram. Kowane furosesa da irin soket ɗin da yake zama. Tsofaffin kwamfutocin da suka cika ofisoshinmu yawancinsu Intel ne na zubi na 2 zuwa na 4, masu bod irin H61 ko H81 da ram DDR3. Bod na zamani ba zai karɓi ko ɗaya daga kayan nan ba. Ni kaina na taɓa cin wannan duka. Na sayo bod mai kyau a wani shago, na dawo gida da murna, sai ga shi furosesata ba ta shiga ramin. Da na koma, mai shagon ya nuna mini allura ɗaya da ta lanƙwashe a soket, ya ce ni na lanƙwasa. Gaskiyarsa kuwa, ni ne.

Haka kuma duba akwatin kwamfutar. Idan irin na ofis ne na Dell ko HP, da yawansu bod ɗinsu da fulogin wutarsu na kamfanin ne kaɗai, bod ɗin kasuwa ba zai zauna daidai ba. A nan ko dai ka nemi irinsa sak na hannu, ko ka canza har da akwatin.

Zaɓi biyu ke gabanka. Na farko, ka nemi bod irin wanda ya mutu, ka mayar da kayanka, aiki ya ci gaba. Shi ne mafi arha, kuma idan Excel da firinta ne duk aikin, ba abin kunya ba ne. Sai dai ka sani Microsoft ta daina tura gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar Intel ƙasa da zubi na 8. Kwamfutar da ba ta hawa intanet wannan bai dame ta sosai ba. Wadda ake buɗe saƙonnin abokan ciniki da ita kullum, lissafinta daban.

Na biyu, tunda yaro zai aiko, a sayi ukun tare. Ni da zan zaɓa maka, bod H610 mai ɗaukar DDR4 tare da Core i3-12100, ko kuma A520 tare da Ryzen 5 5600G na AMD. Ram giga 8 ta isa, 16 ta fi. Asus, Gigabyte, MSI da ASRock duk suna yin waɗannan, kuma a wannan matakin ban ga abin da zai sa a yi gardama kan suna ba. Abu biyu dai a kula. H610 akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, ram ɗin ɗaya ba ta shiga ɗaya, a karanta jikin kwali. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar 12100F, ba ta fitar da hoto sai an ƙara mata katin hoto, arhar da aka gani ta tashi a banza ke nan. A kuma tabbatar bod ɗin na da ramin VGA idan allonka tsoho ne. Waɗancan masu fitilu ja da kore, na 'yan wasan gem ne, kada yaro ya ruɗu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, domin bod ba ya mutuwa haka siddan. Maiurno ba nisa da madatsar Sinnar da aka gama a 1925, ga ta Rusairis can sama kusa da Damazin tun 1966, amma kowa ya san yadda kahraba ta koma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. An lalata layuka, an kwashe taransifoma, a 2025 jirage marasa matuƙa suka riƙa kai hari kan tashoshin wuta har da ta Marawi. Wuta ta tafi, ta dawo da ƙarfi kamar ta yi fushi. A tayar da janareta, injin niƙa na maƙwabci ya ja, ta faɗi ta tashi. Wannan hawa da saukar ke cin kayan ciki. Ka sa bod mafi tsada a Jidda a kan wutar nan da akwatin wuta mara suna, ba lallai ya ga kaka biyu ba.

Saboda haka kuɗin da ka rage a bod, zuba shi a nan. Akwatin wuta mai nauyi a hannu, na kamfanin da aka sani, wat 400 ya ishe ka. Sai UPS mai daidaita wuta, ko aƙalla sitabilaiza. Idan sola gare ka, a tambayi wanda ya haɗa ko inbatar mai ba da wuta lafiyayya ce, irin wadda ake kira fiya sain. Da damina in an fara tsawa, zare fulogi daga bango gaba ɗaya, kashewa kawai ba ta wadatar ba.

Sai ƙura. Ofishin mai riɗi ba ya rabo da ita, balle in habub ya taso. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ɗora shi a tebur, duk wata biyu ko uku a buɗe a hure da bulowa, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyi. Ban da tsumma mai ruwa.

In ka ga dole sai na hannu za ka saya a Madani ko Sinnar, haska soket da tocilan waya ka duba allurai, ka duba kafasita, waɗancan 'yan gwangwanayen da ke tsaye, kada a samu wadda kanta ya kumbura. A haɗa shi a gabanka ya yi aiki ko da rabin awa ne, a gwada kowane ramin USB, sannan ka tura kuɗi ta Bankak.

Shi kuma yaro, ka tura masa hoton cikin akwatin da na bayansa kafin ya je kasuwa. Ya sa mai shago ya ɗaura furosesa da ram a kan bod ɗin tun can, ya kunna ya gani, sannan a mayar cikin ledarsa da kwalinsa. Ya ƙara SSD guda a cikin kayan, mai giga 256 ma ya isa. Kuma a damƙa wa matafiyi a jakar hannu, kada a tura ƙarƙashin katan ɗin dabino.