ZAƁEN SANA'A: Koyar da golf sana'a ce, amma kada a saki reshe a kama ganye

 A wannan makon wasiƙa ce ta zo mana daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare, a wani ƙauye da ke yankin Dambatta. Ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuma sakaya.

Ya ce a dogon hutun da ya wuce ya je wurin yayansa a birnin Kano. Yayan nasa yana ɗaukar wa 'yan wasan golf jaka, shi ma ya riƙa bin sa fili har tsawon sati uku. A nan ya ga wani mai koyarwa ya tsaya da wani Alhaji yana gyara masa riƙon sanda, bayan awa ɗaya aka ba shi abin da ya fi ladan ƙwadagon noma na kwanaki. Tun daga ranar ya ƙudurta zai ajiye karatu, ya koma Kano ya fara ɗaukar jaka har ya zama koci, wata rana kuma ya dawo gida ya riƙa shirya wa yara bita. Mahaifinsa ya ce wannan wasan masu kuɗi ne, ba na ɗan manomi ba. Tambayarsa ita ce: sana'a ce ta gaske ko mafarki?

Ƙanenmu, amsarmu kashi biyu ce. Sana'a ce ta gaske, akwai masu riƙe iyali da ita a ƙasar nan. Amma ƙofarta ƙarama ce, kuma wanda ya bar makaranta a aji biyu ya ƙara ƙuntata wa kansa ita.

Wane irin wasa ne?

Saboda waɗanda ba su taɓa gani ba, golf shi ne wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ana buga wata 'yar ƙwallo mai tauri, wadda nauyinta bai kai giram 46 ba, da sanda mai kan ƙarfe, daga wuri mai nisa har ta faɗa cikin rami mai faɗin santimita 10.8. Cikakken fili yana da ramuka 18, wanda ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, kowace da aikinta, shi ya sa ake buƙatar mai ɗaukar jaka, wanda 'yan wasan ke kira kadi. Daga ƙasar Sikotland wasan ya bazu, kuma ya koma cikin wasannin Olamfik a 2016 a birnin Riyo na Brazil, bayan an rabu da shi tun 1904.

Ba baƙo ba ne a Arewa. Kulob ɗin golf na Kano ya haura shekara ɗari, tun farkon zamanin Turawa yake nan. Akwai na Rayfield a Jos wanda aka kafa a 1913, akwai na Kaduna da na Zariya, akwai na IBB a Abuja. Nan kusa da mu a Jigawa, marigayi Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda shi kansa ɗan wasan ne, ya samar da fili a Dutse. Saboda ƙarancin ruwa, a filaye da dama na Arewa an saba shimfiɗa yashi da aka cakuɗa da mai a kewayen ramin maimakon ciyawa.

Inda mahaifinka yake da gaskiya

Mu faɗi gaskiya tun da wuri. Fili mai ramuka 18 yakan cinye kadada 50 ko fiye. A ƙasarmu ta Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ana noma kowane taku duk shekara, gado kuma yana ƙara tsaga gonaki ƙanana, ba wanda zai ba da hatsin gidaje masu yawa don a yi filin wasa. Bai ma kamata a ba da ba. Ke nan aikin kocin golf na cikakken lokaci yana birni, a filayen da za ka iya ƙirgawa da yatsu, kuma kowane fili yana da nasa ƙwararrun da suka riga ka zuwa.

Abin da ka gani na awa ɗaya gaskiya ne, amma ba ka ga sauran awannin ba. Masu koyo sun fi zuwa da sassafe, da yamma, da ranakun Asabar da Lahadi. Akwai ranar da koci zai yini ba ɗalibi ko ɗaya. Shi ya sa da yawansu ke haɗawa da gyaran sanduna, sayar da ƙwallaye da safar hannu, shirya gasa, ko kula da filin kansa. Mai ɗaukar jaka kuwa ba shi da albashi, abin da aka ba shi a ranar shi ne nasa.

Inda kai kake da gaskiya

Cewa wasan bai dace da ɗan talaka ba, a nan tarihi yana bayanka. Masu kuɗi ne ke biyan kuɗin shiga kulob, amma da yawa daga ƙwararrun da ke koya musu, a Najeriya da wajenta, daga ɗaukar jaka suka taso. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen ɗan gidan manoma ne, ya koyi bugu da sanda ɗaya tak a bakin teku a ƙauyensu Pedreña, ya yi ɗaukar jaka, daga baya ya ci manyan gasannin duniya biyar. Vijay Singh, ɗan tsibirin Fiji, ya yi zaman koyarwa a wani kulob da ke tsibirin Borneo, sannan a 1988 ya zo Legas ya ci gasar Nigerian Open. A 2000 ya ci gasar Masters a Amurka, a 2004 kuma ya zama na ɗaya a duniya.

Amma wanda muka fi so ka duba shi ne Harvey Penick na garin Austin a jihar Texas. Yana ɗan shekara 8 ya fara ɗaukar jaka, a 1923 ya zama babban ƙwararren kulob ɗin garinsu, daga 1931 zuwa 1963 kuma shi ne kocin Jami'ar Texas. Ba a san shi da cin manyan kofuna ba. An san shi da ɗalibansa, irin su Tom Kite da Ben Crenshaw, da kuma wani littafin rubutu da ya shafe shekaru yana rubuta abin da ya lura da shi a kan kowane mai koyo. Da aka buga littafin a 1992 ya zama ɗaya daga littattafan wasanni da suka fi kasuwa. Abin lura a nan: iya bugawa daban, iya koyarwa daban. Koyarwa tana buƙatar ido mai gano kuskure, da baki mai iya bayani, da haƙuri, da rubutu. Waɗannan kuwa a aji ake wasa su.

Me ya sa takardar sakandare ta zama dole?

Na farko, dokokin wasan da Turanci suke, hukumar R&A ta St Andrews da takwararta USGA ta Amurka ne ke fitar da su, kuma koci ne ake tambaya idan gardama ta tashi. Na biyu, lissafi ne cike da wasan: nisan bugu, ƙidayar maki, da rangwamen da ake yi wa mai rauni don ya kara da gwani. Na uku, ba a wayi gari mutum ya kira kansa ƙwararre ba. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Najeriya, PGA, tana shirya gwajin shiga, sai wanda ya haye ake karɓa. A dokar wasan ma, ɗan wasan sha'awa da ya fara karɓar kuɗin koyarwa yakan rasa matsayinsa na ɗan sha'awa, sai a wasu halaye da aka keɓe, kamar malamin makaranta da koyar da golf wani ɓangare ne kawai na aikinsa. Wanda ya yi gaggawar karɓar kuɗi yana iya rufe wa kansa gasannin matasa da za su fito da sunansa.

Na huɗu, kuma shi ne babba: takardar ce ke buɗe maka ƙofa ta biyu. Da kyakkyawan sakamakon WAEC ko NECO kana iya karanta ilimin motsa jiki da lafiya a kwalejin ilimi ko a Jami'ar Bayero. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas tana horar da masu horarwa ta ba su takardar shaida. Idan kula da fili ne ya ja hankalinka, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a nan Dambatta, domin ciyawa da ƙasa da ban ruwa da taki su ne rabin aikin filin golf, ɗan manomi kuwa ya san su tun yana goye. Malamin wasanni mai albashi wanda ya iya koyar da golf yana da ƙafa biyu. Wanda jaka kaɗai ya sani, ranar da bayansa ya yi ciwo aiki ya tsaya.

Bitar da za a iya yi a ƙauye

Burinka na dawowa gida ka koyar ba sai an jira fili mai ramuka 18 ba. Matakin farko na wasan, wato riƙon sanda, tsayuwa, gajeren bugu da gangara ƙwallo cikin rami, yana yiwuwa a filin ƙwallon makaranta. Da kaka ta wuce aka kwashe kara, gonaki ma sukan zama fili, idan mai gona ya yarda. Ga yadda muke ganin ya dace a tsara:

A fara da izinin shugaban makaranta, malamin wasanni kuma ya kasance a wurin daga farko har ƙarshe. Bita ce ta kyauta a ƙarƙashin makaranta, ba kasuwanci ba.

A taƙaita mutane. Shida zuwa takwas a rukuni sun isa, tsofaffin sanduna biyu ko uku kuma za su wadatar. 'Yan wasa a birni sukan ajiye tsofaffi, wasiƙa daga makaranta zuwa kulob ta fi roƙo a baki.

A sa kariya a gaba. Ƙwallon golf tana iya fasa kai ko ido. A fara da ta roba, a ja layi a ƙasa, mai bugu kaɗai ke tsallake shi, sauran suna baya da taku da yawa. Kada a buga ta fuskar hanya, gida ko dabbobi.

A fara daga kusa da rami. A binne gwangwanin madara, a share wurin ya yi sumul, yaro ya fara jin daɗin jefa ƙwallo a rami daga taku biyu kafin a kai shi ga dogon bugu. Abu ɗaya a kowace rana: yau riƙo, gobe tsayuwa.

A ware wa 'yan mata lokacinsu tare da malama. Wasa ne da ba a cuɗanya jiki, ana kuma yin sa cikin cikakkiyar sutura. Georgia Oboh 'yar Najeriya ce, ta kuma buga a gasannin ƙwararrun mata na Turai.

A riƙe littafi: sunan kowa, kuskurensa, da abin da ya gyaru. Idan akwai waya a ɗauki bidiyon bugu a nuna wa mai shi. Wannan littafin shi ne shaidarka ranar da za ka nemi wani ƙwararre ya ɗauke ka almajiri.

Ko da a ce ba ɗaya daga yaran da zai zama ɗan wasa, ba a yi asara ba. Golf na cikin wasanni ƙalilan da ɗan wasa ke ƙirga makinsa da kansa, ya kuma kai ƙarar kansa idan ya karya doka ko ba wanda ya gani. Yaron da ya saba da haka ya koyi amana. Kai kuma ka gwada kanka, ka ga ko koyarwar kake so ko kuɗin da ka gani a hannun wani.

Shawararmu

Ƙanenmu, saura maka shekara ɗaya da 'yan watanni ka gama. Ka gama. Duk hutu ka koma wurin yayanka, ka ɗauki jaka, ka buɗe ido da kunne. Ka je wurin mai koyarwar nan da ladabi, ka tambaye shi shekara nawa ya yi kafin a fara biyansa, da abin da yake samu a watan da ba kasuwa. Ka nemi ya bar ka ka riƙa tsince masa ƙwallaye lokacin darasi, domin a nan za ka ji yadda ake bayani. Idan damina ta faɗi kuwa ka kasance a gona tare da Baba, don ya ga sabon burin bai raba ka da gida ba. Sannan ka zauna da shi, ka nuna masa tsari a rubuce: makaranta tukuna, horo a hutu, kwaleji, sai gwajin ƙwararru. Uba ya fi saurin sa albarka ga abin da ya ga kansa da gindinsa.

Ga iyaye kuma, muna roƙo kada a kashe wa yaro gwiwa don sana'ar baƙuwa ce a kunnenmu. Gyaran waya ma baƙo ne shekarun baya, yau ga shi yana aurar da samari a kowace kasuwa. A tambaya, a bincika, a gindaya sharaɗin karatu, sannan a yi addu'a.

Malaman wasanni da suka taɓa gwada irin wannan bita a makarantunsu, muna son jin yadda ta kaya. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙar wata ɗaliba daga Bagwai da ke tambaya a kan aikin malamar gona. Mu kwana nan.