Wasiƙun Manzanni: A Karanta Su Yadda Anka Aiko Su

Littafin da Kirista suke kira Sabon Alkawari ya ƙunshi littattafai 27, kuma 21 daga cikinsu wasiƙu ne. Guda 13 suna ɗauke da sunan Bulus, sauran ana danganta su ga Bitrus da Yakubu da Yahaya da Yahuza, banda ta Ibraniyawa wadda ba ta faɗi sunan mai ita ba. Abin da nike son in jawo hankalinku gare shi a yau shi ne, wasiƙa dai wasiƙa ce: akwai wanda ya aiko ta, akwai waɗanda anka aiko wa, akwai kuma damuwar da ta sa anka ɗauki alƙalami. Wanda ya yi watsi da waɗannan, ya tsinci aya guda ya riƙa dukan mutane da ita, ya ci amanar mai wasiƙar, ko da kuwa da sunan girmama shi ya yi.

Mu tuna fa lambobin surori da na ayoyi ba manzanni sunka sa su ba. Rabon surori aikin ƙarni na 13 ne, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani maɗabi ɗan Faransa, Robert Estienne, ya shigar da su a bugunsa na 1551. Kafin nan, shekaru aru-aru, magana tana tafiya ne a jere. Mutanen farko ma ba da ido sunka san ta ba, da kunne ne: ɗan aike ya iso, jama'a ta taru a gidan wani mai hali, a karanta daga gaisuwa har sallama, kamar yadda ake yi wa takardar ɗan ci-rani a ƙauye.

Mu ɗauki birnin Korinti na ƙasar Girka, mai tashar jiragen ruwa biyu, inda Bulus ya zauna wajen shekara ta 51 yana sana'ar ɗinkin tanti. Bayan tashinsa sai labari ya iske shi daga mutanen gidan wata mata mai suna Kuluwi cewa jama'a ta rabu, wasu na Bulus, wasu na Afolos, wasu na Bitrus. Su ma sun rubuto masa tambayoyi: zancen aure, da zancen naman da anka yanka wa gumaka sannan anka kai kasuwa, shin ya ciwu ko bai ciwu ba. Takardarsu ta ɓace, amsar kaɗai ta iso mana. Ke nan muna jin bakin mutum guda ne cikin zance na mutum biyu, kuma mai hankali ba ya yanke hukunci da gaggawa a kan rabin zance.

A cikin wasiƙar nan akwai wurin da ya fi kama mini zuciya. Jama'ar sukan taru su ci abinci tare don tunawa da jibin ƙarshe na Almasihu. To, sai masu dukiya su buɗe akussansu su ci su ƙoshi, har wani ya yi maye, alhali talaka na zaune ciki wayam. Bulus bai ɗauki wannan ƙaramin rashin ladabi ba, ya ce taron da ake kunyata marar shi a cikinsa ya tashi daga zama ibada. Wasiƙar Yakubu ma hanyar ta bi, inda ta tsawata wa masu shimfiɗa wa mai zoben zinariya wuri mai kyau su bar mai tsumma tsaye, ta kuma yi kashedi mai zafi ga masu gonakin da suke danne ladan ƴan ƙodago. A ganina nan ƙarfin koyarwar yake, domin ba ta bar aƙida ta tsaya a fatar baki ba, sai da ta kai ta bakin akushi.

Haka zancen gudummawar da Bulus ya yi ta tarawa a Makidoniya da Akaya da Galatiya domin matalautan Urushalima. Ya nemi kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, ya kuma tsaya a kan lalle jama'a su zaɓi wakilansu da za su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. Mu mutanen Sahel da munka san abin da ake kira kayan agaji, ba sai an yi mana bayanin hikimar wannan ba.

Yanzu ga abin da tsintar aya take haifarwa. Wasiƙa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa ta hana a ciyar da wanda ya ƙi aiki. Maganar ta shafi waɗansu ne cikin jama'ar, ƙarfafa da su, da sunka aje sana'a suna yawon sa baki cikin sha'anin mutane, suna ci daga gumin ƴan'uwansu. Ba ta shafi gurgu ko marar lafiya ko wanda ya nemi aiki ya rasa ba. Amma an cire ta daga mazauninta, har ta shiga tsarin mulkin Tarayyar Sobiyet na 1936, ƙasar da ba ruwanta da addini, kuma har yau marowaci kan fake da ita ya kori mabaraci.

Wani zai ce, ai ga mai bi maganar ta kowane zamani ce, ba ta Korinti kaɗai ba. Ban musa masa imaninsa ba. Sai dai in yana son sanin abin da take faɗa masa yau, dole ya fara sanin abin da ta faɗa wa mutanen wancan lokaci, in ba haka ba son ransa zai karanta ya ce nassi ne.

Misalin da ya fi ɗaci shi ne wasiƙar Filimon, mafi gajarta cikin na Bulus, aya 25 kacal. Wani bawa mai suna Unisimas ya bar ubangijinsa Filimon, ya haɗu da Bulus yana tsare, ya karɓi addini a hannunsa. Bulus ya maishe shi gida da wannan takarda. Gaskiya ɗaya ce, Bulus bai fito fili ya la'anci bauta ba, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba. Amma malaman coci na kudancin Amurka da sunka riƙa kafa hujja da wasiƙar don kare dokar 1850 mai tilasta maido bayin da sunka gudu, rabi sunka karanta. Sun riƙe cewa an maida bawan, sun tsallake inda Bulus ya roƙi a karɓe shi tamkar ɗan'uwa, a yi masa tarbar da za a yi wa shi kansa Bulus, in kuma akwai bashi a kansa a ɗora wa Bulus ya biya. Sun manta kuma wasiƙar ba ga Filimon kaɗai anka aika ta ba, har da jama'ar da take taruwa a gidansa, watau gaban kowa za a karanta ta. Kusa da ƙarshe Bulus ya ce a gyara masa masauki, domin yana sa ran a sake shi ya zo da kansa.