A bar mai jinya ya riƙe safana

A ƙasar Hausa ba a barin marar lafiya shi kaɗai, kuma wannan abin godiya ne. Amma akwai wata irin kulawa da muke yi wa wanda aka yi wa aikin zuciya wadda cutarwarta ta fi amfaninta. Da an sallamo mutum daga asibiti sai a shimfiɗa masa katifa a falo, a jera masa matasai, a hana shi ɗaukar ko da buta. In ya miƙe a ce ya zauna, in ya zauna a ce ya kishingiɗa. 'Yan dubiya su yi ta shigowa rukuni-rukuni, "Sannu Malam, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne," sannan wani ya kawo labarin maƙwabcinsa da aka yi wa irin wannan aiki bai kai labari ba. Bayan wata uku ɗinkin ya warke sarai, mutumin kuwa ya zama tsoho tun lokacinsa bai yi ba.

Ina faɗin haka ne a matsayin wanda aka tsaga ƙirjinsa. An yi mini aikin nan da ake ciro jijiya daga ƙafa a dasa ta a jikin zuciya domin jini ya kewaye inda ya toshe, aikin da wani likita ɗan Ajantina, René Favaloro, ya daidaita a Cleveland ta Amurka a 1967. Abin da ya tashe ni daga katifa, bayan ikon Allah da hannun likitoci, wata tsohuwar akori-kura ce ƙirar Peugeot 404 da mahaifinmu ya bari. Ta daɗe a gindin darbejiya a ƙarshen gida, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da bayanta akurki.

Ya kamata a fara gane abin da ake tsoro. Kafin likita ya kai ga zuciya sai ya raba ƙashin tsakiyar ƙirji gida biyu daga sama zuwa ƙasa, in ya gama ya ɗaure shi da wayar ƙarfe marar tsatsa, wadda za ta zauna a jiki har abada. Ƙashin nan yana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, wani ma sai ya kai wata uku, musamman mai ciwon suga. Shi ya sa ake hana ɗaukar abin da ya wuce kamar kilo 5, ake hana turi da ja, ake hana tuƙi na wasu makonni, ake cewa ka rungume matashi idan tari ya zo. Shi ya sa na yi ta salla a zaune, don dafa ƙasa da hannu a miƙe daga sujada aiki ne a kan ƙashin. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya yi wasa da shi yana iya komawa ɗakin tiyata. To amma dokar ta ƙashi ce. Zuciya da huhu da ƙafafu motsi suke nema, shi ya sa tun washegarin aiki ma'aikatan jinya ke tayar da mutum su zaunar da shi a kujera, su sa shi taku a baranda da robobi a jikinsa. 'Yan uwa sukan riƙe rabin farko na bayanin likita, su bar rabin na biyu a ƙofar asibiti.

Likitocin ma sun taɓa yin yadda muke yi. Har zuwa wajen 1950, wanda ya sami bugun zuciya a Turai da Amurka kwantar da shi ake yi kusan mako shida, ko abinci a baki ake ba shi. Samuel Levine da Bernard Lown, a wani asibitin Boston, su ne suka fara zaunar da irin waɗannan majinyata a kujera, suka wallafa sakamakon a 1952, kuma sun sha suka daga abokan aikinsu kafin a yarda da su. A 1966 kuma a Dallas aka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, har mako uku ba tashi. Ƙarfin zuciyarsu da huhunsu ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna mutanen nan a 1996 suna da shekara 50, sai aka tarar kwanciyar mako ukun ta fi yi musu ɓarna a kan tsufan shekara 30. Samari ke nan masu jini a jika. Sai a ƙiyasta abin da katifar falo ke yi wa dattijo.

Mun kuma daɗe da aikin zuciya a Najeriya, tun 1974 da aka fara buɗe ƙirji a asibitin koyarwa na Enugu. Mun ga Nwankwo Kanu, da aka gyara masa ƙofar zuciya a ƙarshen 1996, ya koma fili ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Na sani, yaro ne a lokacin, ciwonsa kuma daban da nawa. Duk da haka har gobe idan aka ce an yi wa wane aikin zuciya, kallon wanda ya sa ƙafa ɗaya a kabari ake yi masa.

Yadda motar ta shigo cikin jinyata ba wata dabara ba ce. An ce in riƙa tafiya kullum ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, ni kuwa zagaya tsakar gida ba dalili yana gundurata. Sai na mayar da gindin darbejiyar zangona. In je, in zauna a benci, in ɗora ƙafar da aka ciri jijiya a kan tsohuwar taya don kumburi ya sauka, in duba motar, in rubuta abin da ya lalace. Takardar ta yi tsawo, kuma da na dube ta sai na ga aikin ya raba kansa da kansa bisa nauyi. Akwai na cinya: fulogi, kwantak, makunnin fitila, wayoyin da ɓera ya ci, da kafireto, wanda ɗan ƙanena ya kwance ya kawo mini a tire na yi ta warware shi ina jera ƙananan sassansa a gwangwanin madara. Akwai na tsaye, kamar goge tsatsar bodi da samfefa, wanda ya jira sai da likita ya taɓa ƙirjin ya ce ƙashi ya kama. Akwai kuma wanda ba nawa ba ne ko kusa: batir, da kan wuce kilo 10, da lagireto, da tayoyi, da giyabos.

Tsohuwar mota ta dace da wannan ta hanyar da sabuwa ba za ta dace ba. Irin 404 ɗin nan da suka cika hanyoyinmu bayan buɗe masana'antar Peugeot ta Kaduna a 1975 ba su da kwamfuta, ba su ɓoye komai. Ka buɗe bonet ka ga injin a karkace gefe guda, ka bi bututun mai da ido daga tanki har kafireto, giyar ma a jikin sitiyari take. Sannan ba mai jiran ta. Bakanike a gareji yana da mai mota tsaye a kansa, ni kuwa in na gaji bayan rabin awa sai in rufe gwangwani in koma ɗaki. Notin da ya ƙi kwancewa shi ya fi koya mini zama da sabon jikina. A da sai in sa bututu a bakin safana in danna da ƙarfin ƙirji. Yanzu sai in ɗiga masa kananzir da baƙin mai in bar shi ya kwana, in ya ƙi in ƙara, in ya sake ƙi in kira yaro. Kiran yaron ya fi komai wuya ga mutumin da ya saba shi ake kira.

A nan ne, a ganina, babban amfanin yake. Likitocin zuciya sun san cewa baƙin ciki da fargaba kan biyo bayan irin wannan aiki, kuma suna jinkirta warkewa. Magidanci da ke ciyar da gida ya wayi gari ana taya shi sa riga. Dare ya yi, kowa ya yi barci, shi yana kwance rigingine, don an hana shi kwanciya a gefe, yana ƙirga bugun zuciyarsa. Addu'a da karatu sun riƙe ni, ba na musun wannan. Amma samun wata tambaya a kai wadda ba ta jiki ba, irin su me ya hana wuta kaiwa fulogi na uku, ya sa gari kan waye mini da abin yi. Hatta dubiyar ta canza. Tsofaffin direbobin unguwa suka daina zama a falo suna sannu, suka koma benci suna gardama a kan ko za a sami gaskit a kasuwar Panteka ko sai an aika kasuwar Ƙofar Ruwa. Ɗayansu ya ce ni da motar duk an sauke mana inji, sai dai nawa bakaniken ya fi tsada. Ranar na yi dariya rungume da matashi.

Masu hanawa suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Uwargida ta ce, "Malam, an sayar da gona an gyara ƙirjin nan, shi ne za ka je ka ɓalle shi a kan gwangwani?" Maimakon gardama sai na tafi da ita ranar ganin likita. Ya saurare ta, ya ce, "Hajiya, ki bar Baba ya yi, amma ke ce mai gadi." Ya gindaya sharuɗɗa. Mai shan maganin tsinka jini ƙaramin yanka na iya zame masa dogon zubar jini, don haka sai da safar hannu. Ba shiga ƙarƙashin mota, ba aikin jak. Ba tayar da inji a rufaffen wuri saboda hayaƙi, fetur kuma sai a sarari. Ƙurar tsohon birki ba a hura ta da baki, a jiƙa ta a goge, don irin na da akwai asbestos a ciki. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya nisanci walda sai likitansa ya amince. In ƙirji ya yi nauyi, ko numfashi ya yi sama, ko jiri ya zo, ko an ji ƙashin yana ƙas-ƙas, a ajiye komai a zo asibiti. Batun kuɗi kuma, wanda ake binsa bashin tiyata bai kamata ya shiga sayen fistin da fenti ba. Yawancin abin da na yi a watannin farko kananzir da tsumma da samfefa kawai ya ci.

Hujjar da ba na karɓa ita ce ta girma, wai bai dace dattijo mai ritaya a gan shi da baƙin mai a farce ba. Wannan tunani ya zaunar da mutane da yawa a ƙofar gida daga hantsi har magariba, masu ciwo da marasa ciwo.

Ba kowa ke da akori-kura a bayan gida ba, ba kuma sai ita ba. Tsohon keken ɗinki, rediyo, ɗinkin hula, kiwon tattabaru, rubutun allo, duk suna rabuwa ƙanana-ƙanana, duk ana iya ajiye su a koma. Mata kuwa sau da yawa matsalarsu akasin tawa ce. Mako biyu da sallama sai a ga Inna ta ɗauki jika ko ta jawo guga, don gidan bai iya tafiya ba sai da ita, kuma ba wanda ya ce ta zauna.

Saboda haka roƙona yana wurin likitocinmu. A ƙasashen da suka ci gaba akwai shiri na musamman na makonni da ake sa majinyaci motsa jiki ana auna bugun zuciyarsa. Mu da yawa takardar magunguna da jan kunne kawai muke tafiya da su gida. Ko ba a iya kafa wancan shiri ba, ana iya rubuta shafi ɗaya da Hausa, a karanta shi a gaban mata da 'ya'ya, a faɗi abin da aka hana da abin da ake so a yi, mako bayan mako, da kayan da mutane suka sani: buta e, bokitin ruwa a'a, tafiya masallacin unguwa daga mako kaza, tuƙi daga mako kaza. A kuma tambayi majinyacin abin da hannunsa ya iya, a gaya masa ɓangaren da zai fara da shi.