Kakar da masu zanen Amurka suka zana ba ita manomi ya gani ba

A shekarar 1860, Jasper Cropsey yana zaune a Landan ya zana lokacin kaka a bakin Kogin Hudson na jihar New York, itatuwa jawur, wasu rawaya. Turawan Ingila suka ce ya yi ƙari, babu ganye mai irin wannan launi. Sai ya ajiye ganyaye na gaske daga Amurka kusa da zanen. Bai yi ƙarya ba, amma kewar gida ce ta sa shi zanen, kuma irin wannan kewa ta daɗe tana bin zanen kaka da girbi a ƙasar.

Matsalar kewa ita ce tana zaɓen abin da za ta tuna. A 1865, shekarar da yaƙin basasar Amurka ya ƙare bayan ya ci rayuka sama da 600,000, George Inness ya kammala "Peace and Plenty", wato zaman lafiya da yalwa: dammunan alkama, rana mai taushi, ko alamar kabari babu. Babu kuma bayin da aka 'yanta, waɗanda guminsu ya noma audugar Kudu.

Winslow Homer ya fi shi gaskiya. A wannan shekarar ya zana tsohon soja ya juya baya yana yankan alkama, rigar yaƙinsa yashe a ƙasa. Sai dai shi ma ya riƙa wa sojan dogon lauje irin na dā, alhali injin girbin Cyrus McCormick ya samu rajista tun 1834, ya kuma bazu a gonakin Arewa. Ana iya yi masa uzuri, domin a al'adar Turawa laujen alamar mutuwa ce, kuma kwanan nan mutumin ya baro fagen daga.

Ya kamata gidajen tarihi su riƙa faɗa wa mai kallo waɗannan abubuwa, kada ya ɗauki zane a matsayin tarihin noma. Grant Wood ya zana "Fall Plowing" a 1931, tsohuwar garma a gaba, gonakin Iowa tsaf-tsaf a baya, daidai lokacin da farashin masara ya karye, manoma na rasa gonakinsu saboda bashi. Zanen yanzu yana hannun kamfanin John Deere, wanda ya fara da ƙera garmar ƙarfe, yau kuma tarakta yake sayarwa.