Sayen Akwati Da Makulli A Hannun Mai Sayarwa

A cikin watan Afrilu na shekarar 2022 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya miƙa ragamar wata manhaja tasa mai suna SONiC ga Gidauniyar Linux. Ba irin labarin da akan kai shafin farko ba ne, amma kuwa ya shafi duk wanda ke aika saƙo ko tura kuɗi ta wayar hannu, ya kuma fi shafar hukumomin da ke sayen kayan sadarwa da kuɗin jama'a.

Kafin a shiga maganar, ya kamata mai karatu ya san na'urar da ake batu a kanta. Duk saƙon da mutum ya aika ta intanet sai ya ratsa wani babban gini da ake kira cibiyar adana bayanai, inda akan jera kwamfutoci dubbai a kan kantoci na ƙarfe. A saman kowace kanta akwai wani akwati mai faɗi, wanda kaurinsa bai cika inci biyu ba, gabansa cike da kafofin cusa waya, galibi 32 ko 48. Masu sana'ar suwic suke ce masa. Aikinsa irin na akawun gidan waya ne, wanda ke zaune gaban tarin wasiƙu yana duba adireshi yana jefa kowace a buhun garin da za ta, sai dai shi wannan akawu yakan raba miliyoyi kafin ƙiftawar ido. Abu biyu ne a cikinsa: akwai ƙwaƙwalwar silikon wadda ke jigilar saƙonnin, akwai kuma manhajar da ke gaya mata hanyar da kowane saƙo zai bi, da abin da za ta yi idan wata hanya ta yanke.

Shekara da shekaru, manyan kamfanonin wannan sana'a irin su Cisco da Juniper da Huawei a haɗe suke sayar da abubuwan nan biyu. Wanda ya sayi akwatinsu ya sayi manhajarsu ke nan, ba shi da ikon cire ta ya sa wata, ba shi kuma da ikon ganin yadda aka rubuta ta. Bayan kuɗin saye akwai na lasisi, akwai na kulawa da akan sabunta shekara-shekara, sa'an nan ranar da kamfani ya ce ya daina kula da wannan samfuri, to akwatin ya kama hanyar bola ko da lafiyarsa ƙalau. Misalinsa kamar mutum ne ya sayi mota da kuɗinsa, amma makullin bonet yana aljihun dillali, babu bakaniken da zai leƙa injin sai nasa. Kuma kada a ɗauka wannan ƙorafin na yau ne. Tun a shekarar 1969 kamfanin IBM, lokacin da gwamnatin Amurka ta kai shi kotu a kan zargin babakere, ya raba farashin manhaja da na na'ura. Kwamfutoci sun daɗe da fita daga wannan ƙangi, amma na'urorin raba saƙo suka ci gaba da zama a ciki.

Waɗanda suka fara tsinke igiyar ba masu wa'azin 'yanci ba ne, manyan 'yan kasuwa ne da lissafi ya dama. Kamfanin da ke da suwic dubbai, kowane da kuɗin lasisinsa, ba ya bukatar a gaya masa inda kuɗinsa ke zurarewa. A 2015 Google ya bayyana cewa kusan shekara goma ke nan yana ƙera nasa a ɓoye. Shi kuwa Facebook a fili ya yi: a 2011 ya kafa wani haɗin gwiwa mai suna Open Compute Project don a riƙa raba zanen kayan cibiyoyin bayanai ga kowa, a 2014 kuma ya nuna suwic ɗinsa mai suna Wedge tare da manhajarsa FBOSS.

A ƙarƙashin wannan haɗin gwiwa ne aka samar da abubuwa uku, waɗanda su ne ginshiƙin maganar duka. Na farko shi ne ONIE, wanda kamfanin Cumulus Networks ya bayar a 2013. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce da akan sa a cikin akwati tun daga masana'anta, ba ta da aiki sai buɗe ƙofa ga duk manhajar da mai akwatin ya ga dama ya ɗora. Da wannan ne masana'antun ƙasar Taiwan irin su Edgecore da Quanta suka sami damar sayar da akwati tsurarsa ga mai so. Na biyu shi ne SAI, wanda Microsoft da abokan cinikinsa suka gabatar a 2015. Shi tafinta ne tsakanin manhaja da ƙwaƙwalwa: kowane mai ƙera ƙwaƙwalwa da yarensa, amma idan kowa ya yarda da tafinta guda, manhaja ɗaya za ta iya ba kowacce umarni. Na uku ita ce SONiC kanta, wadda aka fito da ita a 2016, aka gina ta a kan Linux, aka kuma rarraba ta ɗaki-ɗaki yadda za a iya gyara sashe guda ba tare da an kashe sauran ba. Asalin rubutunta a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya karanta, ya gyara, ya yi aiki da ita ba da biyan ko kwabo ba. Da ita Microsoft ke tafiyar da cibiyoyinsa na Azure, kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ma ya rungume ta, abin da ke nuna cewa ba kayan wasan ɗalibai ba ce.

Ra'ayina a nan shi ne, duk hukumar da za ta sayi irin waɗannan na'urori da kuɗin jama'a bai kamata ta sa hannu a kan kwangila ba sai an rubuta a ciki cewa akwatin zai karɓi wata manhaja ban da ta mai sayarwa. Ban ce lalle sai an yi aiki da SONiC tun ranar farko ba. Hukuma na iya ci gaba da manhajar dillalinta in ta ga ita ta fi mata. Abin da ake so shi ne ƙofa ta kasance a buɗe, domin mai sayarwa da ya san abokin cinikinsa yana da wurin zuwa ba ya yi masa farashi irin na wanda ba shi da mafita.

To, amma fa akwai gyara a cikin wannan labari, kuma masu tallan buɗaɗɗiyar manhaja ba su cika son tsayawa a kansa ba.

Dubi abin da ya sami waɗanda suka sayi Cumulus Linux. Wannan manhaja ta yi suna ƙwarai a matsayin hanyar tsira daga manyan dillalai, mutane da yawa sun ɗora ta a kan akwatuna masu ƙwaƙwalwar kamfanin Broadcom. A 2020 kamfanin Nvidia ya kammala sayen Mellanox, abokin hamayyar Broadcom, a kan dala kusan biliyan 7, a cikin wannan shekara kuma ya haɗa da Cumulus. Ba a daɗe ba sababbin fitowar manhajar suka daina tafiya a kan ƙwaƙwalwar Broadcom. Waɗanda suka gudu daga dillali guda sai ga su da akwatuna a hannu suna neman manhajar da za su ɗora, watau an gudu ba a tsira ba. Dalili kuwa, ko da yake a kan Linux aka gina ta, ragamarta tana hannun kamfani ɗaya wanda ake iya saye a sayar. Wannan ne ya sa komawar SONiC hannun gidauniya ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake har yanzu manyan kamfanoni ne ke da babbar murya a cikinta.

Sa'an nan ga batun ƙwaƙwalwar kanta. Manhaja ta buɗe, amma silikon bai buɗe ba. Broadcom shi ne ke riƙe da kaso mafi tsoka na wannan kasuwa, kuma gudun da yake yi ba kowa ke iya binsa ba: ƙwaƙwalwarsa Tomahawk ta 2014 tana ɗaukar tarabit 3.2 a daƙiƙa, ta 2022 kuwa 51.2, ninki goma sha shida ke nan cikin shekara takwas. Sashen tafintan nan da ke magana da ƙwaƙwalwarsa a rufe yake bayar da shi, ba a ganin cikinsa. Kamfanin Intel, duk da girmansa, ya sayi Barefoot Networks a 2019, amma a farkon 2023 ya ce ya daina ci gaba da ƙera ƙwaƙwalwar Tofino. Saboda haka wanda ya ce SONiC ta raba shi da dillali kwata-kwata ya faɗi fiye da abin da ke akwai. Ta dai rage yawan igiyoyin da aka ɗaure shi da su.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne mutane. Kuɗin da ake biyan dillali duk shekara ba na banza ba ne gaba ɗaya: idan suwic ya tsaya da tsakar dare akwai lambar da za a buga, akwai wanda za a ɗora wa laifi. Wanda ya ɗauki manhaja kyauta ya ɗauki wannan nauyi a kansa, sai fa in ya sayi irin wadda kamfanoni kamar Dell da Broadcom suke gyarawa su sayar tare da alkawarin kulawa. Microsoft da Alibaba suna da rundunar injiniyoyi. Duk da irin wannan runduna, ranar 4 ga Oktoba, 2021, kuskuren umarni guda lokacin gyara ya ɗauke Facebook da WhatsApp da Instagram daga duniya har na wajen sa'a shida. In haka ta sami masu ƙera kayansu da hannunsu, ina ga ma'aikatar da injiniyanta ɗaya ne, shi ma yana neman aiki a waje? Kuɗin da aka tsira da shi daga lasisi ba ajiye shi za a yi ba, albashi da horon ma'aikata zai koma. Bambancin kawai shi ne, lasisi da dala ake biya, albashi kuwa da Naira.

A nan ne maganar ta iso gida. Tun 2013 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar cewa a riƙa ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, ga kamfanin Galaxy Backbone na Gwamnatin Tarayya yana riƙe da na ma'aikatu, ga kuma cibiyoyi masu zaman kansu a Legas, inda a 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya sayi MainOne a kan dala miliyan 320. Ginin yana ƙasarmu, amma na'urorin da ke cikinsa daga waje suke zuwa. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ke da lasisin da zai sabunta a wannan tsakani ya ga kuɗinsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa ko kafar waya ɗaya ba. Kada kuma a manta da 2019, lokacin da Amurka ta sa Huawei cikin jerin kamfanonin da ta hana a sayar wa fasaharta. Rigimar ba tamu ba ce, amma ƙasar da ta jingina sadarwarta ga dillali ɗaya, ko na gabas ko na yamma, tana iya wayar gari ta tarar da kanta a tsakiya.

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ba Ofishin Kula da Kwangiloli ikon tsara takardun neman tanda. Layi biyu sun isa: cewa duk suwic da za a kawo ya zo da ONIE, kuma ɗan kwangila ya nuna a gaban injiniyoyin hukuma cewa SONiC tana tashi a kansa kafin a biya shi kason ƙarshe. Su kuma jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha ba su da hujjar jiran kasafin kuɗi, domin akwai samfurin SONiC na gwaji wanda ke tafiya a kan kwamfuta ta yau da kullum ba tare da akwatin ba. Malami ɗaya da kwamfutoci goma na iya kafa wa ɗalibai ƙaramar cibiya, su yanke hanya da gangan su ga yadda saƙo ke neman wata, tun a wannan zangon karatu.